Kuɗin Shiga da Jini: Nazarin Finafinan 'Yan Allon Sulu

Fim ɗin Mid90s, wanda Jonah Hill ya rubuta kuma ya ba da umarni, aka fara haska shi a bikin finafinai na Toronto a watan Satumban 2018, da duka ya buɗe. Kyamara na kallon wani lungu na cikin gida, shiru, sai ga yaro ɗan shekara 13 an wurgo shi ya gwaru da bango, yayansa ya haye ruwan cikinsa da naushi. Yaron shi ne Stevie, wanda Sunny Suljic ya fito a matsayinsa, yayan kuma Ian, wato Lucas Hedges. Kafin mai kallo ya ga allon sulu ko guda, wato siketbod, katakon nan mai ƙananan tayoyi huɗu da samari ke tsayawa a kai suna gudu da tsalle a titi, ya riga ya ga abin da zai kori yaron daga gida. Ba a banza aka jera al'amuran haka ba. Finafinan da ke ba da labarin yaro mai tasowa a cikin 'yan allon sulu sun yi yawan da za a iya kiransu rukuni mai zaman kansa, kuma abin da ya ɗaure su wuri guda shi ne faɗuwa: yaro yana sayen matsayi a cikin tsararraki da fatar jikinsa, a gaban shaidu. Ma'aunin da ya kamata a auna kowane ɗayansu da shi shi ne ko ya faɗi gaskiya game da tsadar wannan ciniki. Da wannan ma'auni, Mid90s ya gano ciwon sarai, amma ya sallami majinyacin tun bai warke ba.

Tarihin wasan kansa ne ya sa labarinsa ya bambanta da na ƙwallo ko dambe. A jihar Kalifoniya ya samo asali cikin shekarun 1950, a hannun masu sulu kan igiyar teku da ke neman abin yi ranar da ruwa ya lafa. A farkon shekarun 1970 Frank Nasworthy ya kawo tayoyin roba masu kama ƙasa, sannan farin da aka yi a 1976 da 1977 ya bar tafkunan wanka na bayan gidaje babu ruwa, samarin unguwannin Venice da Santa Monica suka riƙa tsallaka katangar mutane suna sulu a cikinsu. An gina filaye na musamman, amma zuwa farkon shekarun 1980 yawancinsu sun rufe saboda tsadar inshora da raguwar masu zuwa. Wasan ya koma titi. A daidai lokacin ne Rodney Mullen ya sauko da tsallen da ake kira oli zuwa kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, tsallen da Alan Gelfand ya fara a bangon tafki, inda ake dukan wutsiyar allo da ƙafa ya tashi sama tare da mai shi ba tare da an sa hannu ba. Daga nan kowane matakalar banki, kowane benci, kowane ƙarfen riƙo ya zama fili. Sai aka sami wasa marar alƙali, marar koci, marar agogo, wanda filinsa mallakar wani ne, kuma babban mutum ɗaya da ke zuwa wurin shi ne mai gadi ko ɗan sanda da ya zo kora. Yaron da ya shiga wannan duniya ya shiga wurin da yara ne ke renon yara.

Masu shirya fim na farko ba su fahimci haka ba, suka ɗauko tsohon kwarangwal suka rataya masa allo. Thrashin' na 1986, inda Josh Brolin ya fito, labarin soyayya ne tsakanin ƙungiyoyi biyu masu gaba, aka rufe shi da tseren gangara da kyauta. Gleaming the Cube na 1989 ya mayar da Christian Slater mai binciken kisan ɗan'uwansa. Ana iya cire allon daga cikinsu a sa babur, labarin ba zai girgiza ba. Finafinan da suka zo daga baya, tun daga Kids na 1995 har zuwa Paranoid Park na 2007 da Skate Kitchen da Mid90s na 2018, sun jefar da gasa da kofi baki ɗaya. A cikin mintuna 85 na Mid90s, Stevie bai ci komai ba. Babbar nasararsa a wasan ita ce daren da ya yi ta faɗuwa shi kaɗai a ƙofar gida har allon ya ɗaga daga ƙasa da abin da bai wuce faɗin tafin hannu ba, ya yi ihu kamar an yi masa bushara da kujerar Makka. Wanda ya san wasan ya san wannan shi ne gaskiyarsa: sau ɗari za a gwada abu a faɗi kafin ya zauna sau ɗaya, kuma faifan bidiyon da kamfanonin allo suka riƙa fitarwa a wancan zamani sukan ware sashe guda na faɗuwa zalla, ana kallonsa da girmamawa.

Wurin da fim ɗin ya fi nuna basira shi ne yadda ya bi matakan karɓar baƙo daki-daki. Stevie ya fara da leƙen wani shagon sayar da allo a titin Motor Avenue na Los Angeles, inda samari huɗu ke zama suna zolayar juna. Ya yi musaya da yayansa ya karɓi wani tsohon allo na yara. Ya kama zuwa shagon yana zama a gefe bai ce uffan ba, irin zaman da sabon yaro ke yi a garejin kanikawa yana jiran ranar da wani zai ce masa ya miƙo sifana. Ranar da aka aike shi ɗebo ruwan sha, da gudu ya tafi, fuskarsa cike da murna, domin aike shaida ce cewa an gan shi. Ruben, wanda shi ne ƙaramin cikinsu kafin zuwan Stevie, ya sayar masa da tsohon allonsa dala 40, kuɗin da Stevie ya samo ta hanyar sata daga ɗakin mahaifiyarsa. Ruben ɗin ne kuma ya koya masa cewa namiji ba ya godiya, darasin da daga baya babbansu Ray ya rushe da cewa godiya ladabi ce kawai. Aka raɗa masa laƙabi, Sunburn. Duk waɗannan ƙananan kuɗaɗen shiga ne. Babban kuɗin ya biya shi a kan rufin wani gini, inda manyan ke tsallake wani rami tsakanin rufi biyu. Ruben ya zo baki ya ja da baya. Stevie, wanda ko oli bai gama iyawa ba, ya taho a guje ya faɗa ramin, ya sauka kan tebur, kansa ya fashe. Suka ɗaure masa kai da riga suna yaba ƙarfin halinsa, kuma daga ranar matsayinsa ya wuce na Ruben.

Wanda ya kalli wannan fage shi kaɗai zai ɗauka jarumta ake yabo. Amma Hill ya kewaye shi da wasu fagage da ke hana mai kallo sakin jiki. Bayan satar kuɗin, an nuna Stevie yana gurza cinyarsa da burushin gashi har ta yi ja, yana hukunta kansa. Daga baya, bayan wani mummunan faɗa da Ian, ya naɗe wayar na'urar wasan bidiyo a wuyansa. Yaro ne da ya riga ya koya a gida cewa jikinsa wurin ajiye zafi ne, abin da samarin shagon suka ƙara masa shi ne tafi. Dukan Ian ba shi da lada, faɗuwa daga rufi kuwa ana biyanta da suna da wurin zama a mota. Don haka abin da abokansa suka karanta a matsayin rashin tsoro, rabinsa rashin ɗaukar kai da daraja ne. Nan ne ƙarfin wannan rukuni na finafinai yake, domin allon sulu na ba mai shirya fim damar nuna abu biyu a hoto ɗaya: horon da ke gina mutum, da raunin da ke neman inda zai ɓuya. Yaron da ya tashi bayan faɗuwa ta hamsin yana iya zama mai naci, yana iya zama wanda bai damu ya karye ba, kuma daga nesa ba a bambance su.

Ray, wanda ƙwararren ɗan wasan allo Na-Kel Smith ya fito a matsayinsa, shi kaɗai ne ya bambance. Shi ne ya ba Stevie sabon allo, ya zauna yana manna masa takardar yashi a kai yana ɗaura tayoyi, a wani fage mai tsawo da kusan babu magana, wanda shi ne aikin uba ɗaya tak da aka yi wa yaron a duk fim ɗin. Shi ne kuma ya zaunar da shi a bayan shago ya buɗe masa abin da kowa ke ɓoyewa: mahaifiyar Ruben tana dukansa da 'yar'uwarsa, shi ya sa ba ya son komawa gida, wanda suke kira Fourth Grade talaucinsu ya kai ko safa ba ya iya saye, shi Ray ɗin mota ce ta kashe ƙaninsa, kuma amininsa ne ya jawo shi daga ɗaki ya mayar da shi kan allo. Aminin nan, wanda Olan Prenatt ya fito a matsayinsa kuma laƙabinsa ashar ne da ba a sa wa a takarda, shi ne yanzu giya da ƙwaya suke cinyewa. Wato hannun da ya ceci Ray jiya shi ne zai riƙe sitiyari a buge gobe. Fim ɗin bai raba samarin gida biyu, na kirki da na banza, ba.

Za a ce, kuma iyaye ne za su fara cewa, duk wannan ado ne ake yi wa lalacewa. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai: yaro ya shiga cikin waɗanda suka girme shi, cikin 'yan watanni ya koyi sigari da giya da ƙwaya da ɗaga wa uwarsa murya, sannan a zuba kiɗa mai daɗi a kai a kira shi girma. Ƙorafin yana da tushe, kuma Kids na Larry Clark, wanda Harmony Korine ya rubuta yana ɗan shekara 19, shi ne babbar hujjarsa. Fim ne na yini ɗaya a birnin New York a zamanin da cutar ƙanjamau ke kisa, kyamara na bin samari da 'yan mata ƙanana da kallon da ya fi kama da leƙe, ba ta tambayar daga wane gida suka fito. Biyu daga cikin 'yan allon da suka yi fice a cikinsa, Justin Pierce da Harold Hunter, sun rasu da ƙuruciya, ɗaya a 2000 ɗaya a 2006. Sai dai ƙorafin ya ɗauka akwai wani wuri mai aminci da aka janye yaron daga cikinsa. A Mid90s babu. Dabney, mahaifiyar Stevie, wadda Katherine Waterston ta fito a matsayinta, tana son 'ya'yanta, amma ta haifi Ian tana ƙarama, ita kaɗai take riƙe da gidan, kuma dukan da ake yi a ɗakin da ke kusa da nata ya fi ƙarfinta. Ranar da ta je shagon ta yi wa samarin kaca-kaca, gaskiya take faɗa, amma ta makara, kuma ba ta da abin da za ta ba yaron a madadinsu. A Paranoid Park na Gus Van Sant ma, iyayen Alex, yaron da labarin ke bi, suna tsakiyar rabuwa, kyamara ma da ƙyar take nuna fuskarsu, yaron yana ɗauke shi kaɗai da sirrin mutuwar wani mai gadin layin dogo. Waɗannan finafinai ba su ce titi ya fi gida ba. Sun nuna abin da ke faruwa idan gida ya bar gurbi.

Akwai masu cewa kuma Mid90s begen zamanin da ya wuce ne kawai, an ɗauke shi da fim mai faɗin milimita 16 a cikin hoto mai kusan murabba'i irin na tsohuwar talabijin, an cika shi da waƙoƙi da riguna da takalman shekarun 1990 don a sosa wa 'yan shekara arba'in inda ke musu ƙaiƙayi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, amma zaɓin zamanin yana da aiki a cikin labarin. Shekarun ne na ƙarshe kafin kuɗi su shigo da ƙarfi: an fara gasar X Games a 1995, wasan bidiyon ɗan allon sulu Tony Hawk ya fito a 1999. Kafin nan babu wayar hannu da uwa za ta kira, babu intanet da yaro zai koyi oli shi kaɗai a ɗaki. Wanda ke son ya iya dole ya je inda masu iyawa suke, ya jure abin da za su yi masa.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne cewa wannan labarin maza ne zalla, mata a cikinsa ko uwa mai faɗa ko budurwar da ake ba da labarinta. Skate Kitchen na Crystal Moselle, wanda ya fito a shekara ɗaya da Mid90s, shi ne gwajin da ya dace. Moselle ta haɗu da wasu 'yan mata masu allon sulu a jirgin ƙasa na birnin New York, ta gina fim a kansu, su da kansu suka fito. Camille, wadda Rachelle Vinberg ta fito a matsayinta, ita ma da rauni ta fara: allo ya ji mata ciwo har aka yi mata ɗinki, mahaifiyarta ta hana ta wasan, ta riƙa sulalewa daga Long Island zuwa Manhattan wurin 'yan matan da ta gano ta Instagram. Ƙashin bayan labarin ɗaya ne, gida mai ƙunci da dangin da aka zaɓa. Amma kuɗin shiga ya canza. 'Yan matan ba su nemi Camille ta zubar da jini kafin su karɓe ta ba. Abin da suka nema shi ne riƙon amana, kuma a kan amana ne suka ɓata da ita, lokacin da ta kusanci saurayin da ɗayarsu ta taɓa so. Wannan ya nuna cewa allon bai wajabta wa kowa faɗawa rami ba. Abin da ya tura Stevie ramin wata fahimta ce ta mazantaka da samarin suka gada ba su bincika ba, kuma Mid90s yana da laifin cewa wani lokaci yakan tsaya kusa da ita har ya manta da tambaya.

Wuri biyu ne wannan mantuwa ta fito fili. Na farko shi ne fagen walimar da wata budurwa da ta girme shi sosai ta ja Stevie ɗaki, bayan ya fito abokansa suka yi ta yi masa kirari. An nuna yaron yana rawar jiki don tsoro, amma fim ɗin ya wuce kamar wani mataki ne na girma, alhali abin da aka nuna cin zarafin yaro ne, kuma da jinsin ya juya babu mai shakkar sunansa. Ɗan wasan kansa shekararsa 11 lokacin ɗauka, abin da ya sa masu suka da yawa suka ɗaga murya, kuma suna da gaskiya. Na biyu shi ne ƙarshe. Abokin Ray ya tuƙa su a buge, mota ta kife, Stevie ya farka a asibiti. Ian ya kawo masa lemo ya zauna shiru. Dabney ta fito ta tarar da samarin suna barci a kujerun jira, zuciyarta ta yi sanyi ta ce su shiga. Ray ya gaya wa Stevie cewa bai taɓa ganin mai shan wuya irinsa ba, kuma ba dole ne ya riƙa yin haka ba. Wannan ita ce magana mafi muhimmanci a fim ɗin, amma ba a ba ta lokacin da za ta zauna ba, nan take Fourth Grade ya kunna bidiyon da ya haɗa na kwanakinsu na daɗi, aka rufe da shi. Babu wanda ya tambayi direban komai. Kwana a asibiti alamar ƙauna ce, amma ba ya goge cewa su ne suka sa yaro ɗan shekara 13 a motar. An yafe laifin kafin a ambace shi.

Abin da Hill ya kauce wa, Bing Liu ya tunkare shi a Minding the Gap, wanda shi ma na 2018 ne, kuma ya shiga jerin finafinan gaskiya da aka zaɓa don kyautar Oska. Liu ya haɗa hotunan da ya ɗauka cikin shekaru fiye da goma a garin Rockford na jihar Illinois, yana bin abokansa biyu na allon sulu daga samartaka zuwa lokacin da nauyin rayuwa ya hau kansu. Su ukun duka sun taso a gidajen da ake duka ko ake tsananin horo, su ukun duka allo ne mafakarsu. Amma Liu bai tsaya a ƙofar asibiti ba. Ya bi ɗayan abokan har ya zama uba, har uwar ɗansa ta ce yana dukanta, kuma ya fuskance shi da maganar. Ya zaunar da tasa mahaifiyar a gaban kyamara ya tambaye ta abin da ta sani game da dukan da mijinta ya riƙa yi masa. A nan ne tambayar da dukan rukunin ke zagayawa ta sami amsa: allo yana sa yaro ya iya ɗaukar zafi, yana ba shi abokai da sa'o'in da ba ya gida, amma ba ya hana zafin wucewa zuwa kan wani. Ana iya cewa ba adalci ba ne a gwada fim ɗin ƙirƙira na 'yan watanni da fim ɗin gaskiya na shekaru, sai dai mai ƙirƙira shi ne ya fi 'yancin zaɓar inda zai tsaya, kuma Hill ya zaɓi ya tsaya a wurin da ya fi daɗi.

Duniyar da waɗannan finafinai suka zana tana sauyawa. Wasan ya shiga gasar Olamfik a Tokiyo a 2021, inda Momiji Nishiya ta Japan ta ci zinare a rukunin titi na mata tana da shekara 13, Rayssa Leal ta Brazil ta ci azurfa ita ma tana da 13, wato sa'o'in Stevie, amma da koci da alƙalai da tuta. Mai yiwuwa nan gaba a koma yin finafinan kofi irin na 1986. Waɗanda aka yi tsakanin 1995 da 2018 kuwa batunsu yaron da babu babba a kansa ne, kuma a kan wannan batu Mid90s fim ne mai kyau da ya ji tsoron mintuna goma na ƙarshensa. Wanda zai kalle shi ya haɗa da Minding the Gap, kuma kada a ba yara su kalla su kaɗai.